Sunan Tabita na Biyu

Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin likita, wato asibitinmu, sai a fara: da gaske ne da tsinke suke cin abinci, da gaske ne can ka baro yarinyar, me ya hana ka jira a gama noma. Ranar Lahadi in an fito majami'a ma haka. Maƙwabcina Alhaji Mamman ya fi kowa, sau uku yana sa ni in maimaita masa abin da ya faru a kan iyaka. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, kuma na lura duk lokacin da na ba da shi ina tsallake wurin da ya shafe ni. Shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, wato makarantar boko, na zauna rubutu. Karatuna bai wuce aji shida ba, sai abin da na ƙara a ajin Littafi Mai Tsarki, don haka wanda ya ga layi ya karkace ya yi haƙuri.

Wanda bai san gidanmu ba, ni ne Ishaya magini, na wajen Galma, kuma Tabita jikata ce. Shekararta goma sha huɗu. Uwa da uba duk ƴan ƙasar Sin ne, Shinuwa kamar yadda muke cewa. Ubanta yana cikin wani kamfani da ya zo aikin hanya ta wajen Buza, matarsa ita ke dafa wa ma'aikata abinci. Haihuwa ta zo da gardama, aka kawo ta likitar mishan inda ɗiyata Rifkatu take aikin unguwarzoma, uwar ba ta tashi ba. Mutumin ba shi da yadda zai yi da jaririya a sansanin maza, sai ya roƙi Rifkatu ta riƙe ta kafin aiki ya ƙare. Ranar da ya kawo ta gidanmu ya zo da tafintansa, wani Bakano mai suna Sunusi. Da za su tafi ya tsaya gabana, tun da ni ne babba a gidan, ya miƙo mini jar ambulan da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Sunusi ya ce, "Baba, ya ce ka ajiye mata." Iyakar abin da aka ce ke nan.

Bayan sun tafi na buɗe. Jar takarda ce da baƙin rubutu, ba boko ba, ba ajami ba, zane-zane kamar ƙananan ɗakuna da shinge. Ni kuwa ranar da aka yi mini baftisma da hannuna na kwashe layun ubana da gurayensa na zuba a wuta, kuma ina alfahari da cewa irin wannan abu bai sake kwana a gidana ba. Na ce a raina layar Shinuwa ce, za a shigo mini da tsafi ta jikin jaririya. Ban tambayi fasto ba, ban tambayi Rifkatu ba. Na sa ta a murhu.

Wata uku bayan haka mota ta kife da uban, ya rasu. Aka yi cigiyar dangi iya yi, ba wanda ya zo. Lokacin ne ya faɗo mini a rai cewa wataƙila sunan yarinyar ne a takardar nan, da sunan garinsu. Ina ganin Rifkatu tana sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, na yi shiru. Kunya ce rabi. Ɗayan rabin kuwa, yarinyar ta fara kama gemuna tana dariya, ba na so a zo a ɗauke ta. Alƙali a Madawa ya ba Rifkatu takardar riƙo, muka raɗa mata Tabita. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya ji wannan magana daga bakina.

Bara wani Shinuwa ya kawo ma'aikacinsa likita da karaya. Ya ga Tabita ta kawo wa Rifkatu abincin rana, fuskarsa ta washe, ya yi ta zuba mata magana da harshensu. Ta tsaya tana kallonsa, ko kalma ɗaya ba ta iya mayar masa ba. Ranar ba ta ci tuwo ba. Daga nan ta fara ɗaukar wayar Rifkatu tana sauraron darussa, tana maimaita wa awaki a bayan gida. Rifkatu ta bi ta hannun wani tsohon direban kamfanin a Buza har ta samo lambar Sunusi. Ashe ya auri ƴar Sin, tana koyar da ƴan kasuwa Sinanci a gidansu a Kano, irin wanda ake koyarwa a makarantunsu, suna ce masa Mandarin. Ya ce a kawo yarinyar ta yi hutun makaranta a wurinsu. Rifkatu ba ta da halin motsawa, damina ce, likita cike da masu zazzaɓi. Ta ce, "Baba, kai za ka kai ta."

Duk duniya Sunusi kaɗai ne mai rai da ya ga an miƙo mini ambulan ɗin nan.

Na gama maimai a gona, muka tashi ranar Talata da safe. Kabu-kabu biyu suka kai mu Madawa, ɗaya ni da buhun albasa na tsaraba, ɗaya Tabita da jaka da ƙunshin cuku. A tasha muka shiga kar, motar haya mai zuwa Maraɗi. Wata mata ƴar Keita mai fataucin kaji ta zauna kusa da mu, tun da aka tashi take satar kallon Tabita. Can ta matso kunnena na hagu, wanda ba ya ji sosai, ta ɗaga murya yadda kowa ya ji: "Malam, ɗiyar ga tana jin Hausa?"

Tabita ta ce, "Kaɗan-kaɗan, Inna. Ki ɗan janye kwandonki, zakaranki na son cinye mini yatsa."

Matar ta dafe ƙirji, motar ta ɗauki dariya. Kafin mu kai rabin hanya ta ba Tabita dafaffen ƙwai uku, ta kuma ce tana da ɗa mai hankali a Tawa in lokaci ya yi. Na ce mata yarinyar tana da miji, ga shi zaune. Tabita ta ce, "Wanga tsoho? Ko haƙoran cin ƙwai bai da su."

Wajen Gidan Rumji taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin wata bedi, wadda wasu ke ce wa dogon yaro. Nan na shirya zan faɗa mata. Na gyara murya, na ce, "Tabita." Ta ce, "Na'am, Kaka," tana ɓare mini ƙwai, tana zuba yaji a kai. Na ce mata ta rage yajin.

A Maraɗi muka sauka gidan Mama Lidiya, matar wani fasto da na gina wa majami'a tun ina da ƙarfi, shi ya riga mu gidan gaskiya. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, ta shimfiɗa mini tabarma a zaure. Da safe ta ɗora hannu a kan Tabita ta yi addu'a mai tsawo har shayina ya huce, ta roƙi Allah ya buɗe mata baki, ya kuma bayyana mata duk abin da yake ɓoye. Na ce amin a hankali.

Yanzu ga labarin iyaka, Alhaji Mamman ya karanta da kansa ya bar ni in huta. Ɓangarenmu a Ɗan Isa ba a daɗe ba. Jandarma ya juya takardar alƙali gaba da baya, ya kalle ni, ya kalle ta, ya ce mu wuce. Ɗan duwan, mai duba kaya, kuma buhun albasa kawai ya latsa ya ce ta wajenmu ce, ya san ta da launi. A ɓangaren Najeriya ne aka sauke mu, motar ta tsaya jiranmu fasinja suna tsaki. Ban ga laifinsu ba. Tsoho baƙi ƙirin da rawani a wuya, yana jan ƴar Sin zai ƙetare iyaka da ita, ko ni ne sai na tambaya. Takardunmu da Faransanci suke, jami'in yana karanta Ingilishi. Ya ce, "Baba, ina ka samo ƴar Caina?"

Kafin in buɗe baki Tabita ta ce, "Ni na same shi, ranka ya daɗe. Ina zuwa duniya na ishe shi nan."

Ya yi dariya, amma bai sake mu ba. Ya kira wata jami'a, ta ja Tabita cikin ɗaki ita kaɗai. Na zauna a benci ina kallon ƙofar. Wani mai sayar da rake ya ce kada in damu, haka ake yi saboda masu satar yara. Da suka fito jami'ar tana murmushi. Ta ce, "Baba, na sha labari. An ce kana cewa ka daina cin goro, amma a duba aljihunka na dama." Ta miƙo mini takardun. "Na tambaye ta ko ta yarda da kai. Ta ce kai ne mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ku sauka lafiya."

Daga Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano, ban ce uffan ba. Tabita ta ɗauka gudun direban ne ya tsorata ni, kuma gaskiya yana gudu kamar an aiko shi ɗaukar wuta. Ta riƙa cewa, "Kaka, rufe ido, in mun kai ni tashe ka."

Kano dai kun ji labarinta, ba sai na ƙara ba. Mutane kamar ranar kasuwar Madawa goma a haɗe, kuma kowace rana haka. Mai A-daidaita-sahu da ya ɗauke mu ya ji na ce "mi" da "tahi", ya ce ashe Basakkwace ne. Na ce Ba'adare. Ya ce duk ɗaya ne. Na bar shi, a cikin motarsa nake.

Sunusi ya tare mu a bakin layi. Na bar shi saurayi siriri, na same shi da furfura da tumbi, yana da shagon yadi a kasuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Da ya ɗago ya ga Tabita sai ya ce, "Goshin ubanta ne sak." Gidansu a bene yake. A bakin ƙofa aka karɓi takalmana aka ba ni wasu silifa na cikin gida, sun yi mini kaɗan, diddigena a ƙasa.

Matarsa sunanta Mei, ƴan unguwa suna ce mata Anti Mei. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, da mayafi, tana jin Hausa amma a tsaitsaye take yin ta. Mu a gida sai an tambayi gajiya, da mutanen gida, da ruwa, da gona, kafin a zo kan komai. Ita maganarta ta farko gare ni ita ce, "Baba, ka ci abinci?" Na ɗauka ta ga yunwa a fuskata, Sunusi ya ce gaisuwarsu ke nan. Sannan ta juya ga Tabita. Yarinyar ta haɗa hannu ta faɗi gaisuwar da ta yi wata da watanni tana koya wa awaki. Anti Mei ta kama fuskarta da hannu biyu, ta amsa, ta ƙara wata magana. Tabita ta ce da Hausa, "Nan karatuna ya tsaya." Suka yi dariya su biyu suna share ido.

Aka kawo mini ruwa, na kai baki, ashe mai zafi ne, ba ganye ba sukari. Na ɗauka mantuwa aka yi. Sunusi ya ce haka suke sha ko ana zafin bazara, wai ruwan sanyi yana ɓata ciki. Na tuna randarmu. Abinci kuma a tebur ɗaya, maza da mata, babba da yaro. Mu baƙo ɗaki ake kai masa kwano a ja masa ƙofa ya ci ba mai kallon lomarsa. Nan uwargida tana zaune gabanka, da ka ci rabi ta ɗebo da tsinkenta ta ƙara maka. Tsinken gaskiya ne, guda biyu, dogaye. Na gwada, taliyar ta zame ta faɗa cikin hannun rigata, aka kawo mini cokali. Ganyen da suka dafa da sauransa, yana ƙara a baki. Amma akwai wani nama da barkono ya yi masa ja wur, ni loma ɗaya na yi na nemi ruwan zafin nan da kaina, Tabita kuwa ta ci har tana lashe tsinke. Sunusi ya ce haka ubanta yake, ɗan wani yanki ne mai duwatsu inda ba a cin komai sai da barkono, kuma sunan gidansu Lin. Tabita ta ajiye tsinke ta maimaita, "Lin." Ba ta taɓa jin sa ba.

Albasa dai sau uku Anti Mei tana ƙin karɓa, har na fara jin haushi. Ashe al'ada ce, a na huɗu ta karɓa da hannu biyu. Cuku kuma ta shinshina ta ajiye can nesa, Sunusi ne ya cinye shi.

Washegari da safe muna baranda ni da Sunusi, ya ce, "Baba, ka zo da jar ambulan ɗin nan? Mei za ta karanta mata."

Na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba. Ya ce shi ma bai taɓa ganin abin da ke ciki ba, amma ya san irinta: sunan yaro, da rana da sa'ar haihuwarsa, wani lokaci da sunan garin kakanni. Ja kuma launin murna ne a wurinsu, ba tsafi a ciki. Sannan ya rage murya. "Ka bar mini. Zan ce ta ɓace, ko gara ta ci. Shekara goma sha huɗu, wa zai zarge ka?"

Na ce to. Da bakina na ce to, ban ɓoye muku ba.

Da hantsi ɗalibai suka zo, ƴan kasuwa uku da wata Hajiya mai sayo kaya daga can. Karatun nasu kamar makarantar allo, malama ta faɗa su amsa gaba ɗaya, murya na hawa tana sauka, hannunta na nuna musu inda za ta bi. Rubutu kuma da alƙalamin gashi ake koyonsa, a tsoma a ruwa zalla a zana a kan wani toka-tokan ƙyalle, ya fito baƙi, jim kaɗan ya bushe ya ɓace a sake. Na ce wannan dabara da an kawo mana ita lakwal da an huta da sayen kaye.

Da suka watse Anti Mei ta zaunar da Tabita. Ta ce kowane ɗalibinta da sunansa yake fara rubutu, ƴan kasuwan nan ita ta raɗa musu na Sinanci. "Amma ke kina da naki. Babanki ba zai tafi bai bar suna ba."

Sunusi ya ce, "Ai ya bari, a wata takarda. Sai dai an yi rashin sa'a, shekaru sun yi yawa, gara…"

Na ce, "Ba gara ba ce."

Na faɗi duka, ina kallon silifan da ke ƙafata. Murhun, da dalilin da na ba kaina, da shirun da na yi lokacin da Rifkatu take yawon cigiya, da dalilin shirun. Na ce, "Tabita, na cuce ki. Ki gafarta mini." A Adar dattijo ba ya faɗa wa jikarsa haka, ban taɓa jin ubana ya faɗa wa kowa ba.

Ta ce, "Ka karanta?"

"Ban iya ba."

"Ka tuna kamanninshi?"

Na ce na daɗe ina kallonsa kafin in sa a wuta. Ta turo mini alƙalamin. Ni magini ne, ido na riƙe fasalin abu. Na tsoma a ruwa na zana abin da na tuna, wani kamar taga, wani kamar itace biyu a jere, wani da ɗigo-ɗigo a gefe. Anti Mei ta sunkuya. Ta ce itatuwa biyun nan Lin ne, wannan daidai. Sauran ta juya kai ta kalla ta kowane gefe, ta ce ba ya karantuwa. Muna kallo ruwan ya bushe. Tabita ta tashi ta shiga kicin.

Ranar da kashegarinta ba ta yi mini magana ba. Ba ta yi rashin kunya ba, tana kawo mini ruwa ta ajiye, tana ɗauke kwano. Amma ba Kaka, ba tsoho, ba komai. Sunusi ya ja ni kasuwa don in sake, ya nuna mini layin yadi da ba a ganin ƙarshensa, da ƴan Sin zaune a shaguna suna ciniki da Hausa. In kun tambaye ni abin da na gani, ban riƙe da yawa ba. Ina ta lissafin yadda zan shiga gida in ce wa Rifkatu na kai yarinya da kaka, na baro ta ba ta da kaka.

Rana ta uku bayan azahar Anti Mei ta same ni a baranda. Ta ce, "Baba, na ce zan zaɓa mata suna, ta ƙi. Ta tambaye ni wa ke zaɓa a wurinmu. Na ce a gidajen da suka riƙe al'ada, in kaka namiji yana da rai, shi ne. Ni ma kakana ya zaɓa mini."

Na ce, "Nata kakan yana can inda na ɓatar mata."

Ta ce, "Ta ce tana da wani a baranda. Wai ya zo ya gyara ɓarnar da ya yi."

Na shiga. An share tebur, an shimfiɗa jar takarda, tawada ta gaske a ɗan kasko. Tabita na zaune ta naɗe hannu, idonta a kumbure. Anti Mei ta ce in faɗi ma'anar da nake so da Hausa, ita za ta nemo kalmar.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne na faɗa. Na ce, "A sa mata wadda take dawowa gida."

Anti Mei ta ce akwai, ta kai alƙalami ga tawada. Tabita ta ce, "Wanga naka ne, Kaka. Ba nawa ba."

Gaskiyarta. Abin da ya hana ni magana shekara goma sha huɗu, shi ne ya sake fitowa da sabuwar riga. Amma ta ce Kaka, na ji da kunnen da ke ji.

Sannan na ce mu a Adar yaro da abin da ranarsa ta zo da shi ake kiransa, ban san wata hanya ba. Na ce ranar da ubanta ya kawo ta, ranar aka yi ruwan shuka na farko a shekarar. Ina gona na dawo da laka har gwiwa, na ishe motarsu ta kafe a bakin ƙorama, sun ƙaraso da ƙafa. Mutumin ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe ta, ya rungume ta a ƙirji, ya sunkuya a kanta yana tafiya. Ya shigo zaurenmu jiƙe sharkaf yana rawar sanyi, da aka buɗe rigar ko ɗigo bai taɓa ta ba, barcinta take.

Sunusi ya ce, "Haka aka yi. Ni na riƙe masa takalmi."

Tabita ta ce, "Ba ka taɓa gaya mini ba."

Na ce, "In na fara wannan, sai na kai ga ambulan."

Ta ce, "Mi ya ce da aka buɗe rigar?"

Na kalli Sunusi. Ya ce ba abin da ya ce, dariya ya yi, ya nuna wa kowa busasshen kanta.

Na ce wa Anti Mei, "A sa mata ruwan sama."

Ta ce suna ne mai kyau, ana sa wa mata. Ta tsoma alƙalami ta rubuta a hankali, Lin a sama, sabon a ƙasa, ta ce ana faɗinsa Yu, murya ta sauka ta sake hawa. Sannan ta kama hannun Tabita suka bi shi a kan ƙyallen ruwa, sau ɗaya tare, sau biyu ita kaɗai. A na uku Tabita ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Mama kuma da bakinka za ka gaya mata. Ba ni ba."

Na ce da bakina zan gaya wa Rifkatu.

Na ƙara kwana biyu. Na ga an fara karatu sosai: safe tare da ƴan kasuwa, yamma ita kaɗai, kuma a kicin an hana Hausa, in tana son gishiri sai ta nema da Sinanci. Anti Mei ta ce wata biyu ba ya sa mutum ya iya, amma zai sa ta tsaya gaban ɗan ƙasarsu ta faɗi ko ita wace ce. In ta koma gida za su ci gaba ta waya ranar Asabar.

Ranar tafiyata Tabita ta ɗauko mini jaka har bakin titi. Na gwada sunan. Ta ce ba haka ba. Na sake, ta ce yanzu kamar ina kiran akuya. Na uku ta ce a bar shi haka, za a gyara in ta dawo.

Na ce, "To wanne za ni kira ki?"

Ta ce, "Duka nawa ne. Wanda ya zo bakinka." Ta sa jakar a cikin A-daidaita-sahu, ta tsaya riƙe da ƙarfen. "Ban gama fushi ba, Kaka."

Na ce na sani.

"Kafin a koma lakwal ka zo ka ɗauke ni. Da kanka. Kada ka aiko kowa."

Dawowa ba abin faɗa. A iyaka ba wanda ya kalle ni sau biyu, tsoho shi kaɗai da jaka. Jami'ar nan ce kawai ta gane ni ta ce ina ƴar Caina, na ce tana makaranta. Na iso gida na sami geron ya fara ɗaukar ciki. Rifkatu na gaya mata a ranar, kafin in cire takalmi. Abin da ta ce tsakanina da ita ne, kuma ban ce ban cancanta ba. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ran na biyar ta zauna ta ce in sake ba ta labarin sunan daga farko.

Jiya Alhaji Mamman ya ce hanyar ta yi wa mai shekaruna nisa, ɗansa yana zuwa Kano sayen kaya, zai iya taho da yarinyar in huta. Na gode masa. Na ce a'a, an ce da kaina.